Matata tana zargin wata nake nema, alhali asibiti nake zuwa

Yaya, barka da aiki. Shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya uku. Tun bara abubuwa suka sauya mini. Barci ya ƙaurace, ƙarfe uku na dare idona biyu. Aikin da na saba gamawa cikin awa ɗaya sai ya cinye mini wuni. Yara su taho da gudu su tare ni, in ji ba na jin komai a raina. Da abin ya ishe ni na je asibiti da sunan ciwon kai. Likita ya yi mini tambayoyi, ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni a kan magani, ya kuma haɗa ni da wani ma'aikaci da nake zuwa muna tattaunawa duk bayan mako biyu. Wata huɗu ke nan, na fara jin sauƙi. Amma babu wanda ya sani. A mota nake ɓoye maganin, har na ɓare takardar jikin kwalin. Matata ta lura ina fita ba na faɗin inda za ni, ina kuma kashe waya, yanzu ta tsaya kai da fata wata nake nema. Na taɓa jin ta da ƙawarta suna yi wa wani maƙwabcinmu dariya, wai "ya zare". Yayana kuwa cewa yake namiji ba ya damuwa, rashin tawakkali ne kawai. Kwana tara ke nan na daina shan maganin don kada asirina ya tonu. Tsorona in na faɗa girmana ya zube, a riƙa kiran 'ya'yana 'ya'yan mahaukaci. In faɗa, ko in ci gaba da shiru?

Ƙaninki mai ɓoyon ciwo

Ƙanena, sannu. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma kafin in taɓa tambayar da ka yi, akwai maganar da ka jefa can ƙarshe kamar ba komai ba, ita ta fi tsaya mini a rai: kwana taran nan da ka yi ba magani. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, ka kira likitanka ko ka je ka same shi, ka gaya masa ranar da ka daina da dalilin dainawar. Kada ka yanke wa kanka yadda za ka koma sha, shi zai faɗa maka. Maganin damuwa ba irin na ciwon kai ba ne da ake haɗiya da safe a warke kafin yamma. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin mutum ya ji bambanci, bayan an ji sauƙin ma likitoci kan so a ci gaba da sha aƙalla wata shida don kada ciwon ya yi kwana ya dawo. Wanda ya katse shi farat ɗaya yakan gamu da jiri, tashin zuciya, munanan mafarkai da saurin fushi, wani har ya ji kamar lantarki na fizgarsa a ka. Wannan ba ya nufin ka zama ɗan ƙwaya. Jiki ne ya saba, shi ya sa ake janye maganin sannu a hankali a hannun likita. Sauƙin da ka fara ji shi ne shaidar abin yana aiki, ba shi ne izinin ajiyewa ba.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba, ni zan yi maka ita kai tsaye. A cikin dararen nan da kake kwana ido biyu, tunanin cewa gara ma ba ka duniyar yana zo maka? Ka taɓa tunanin yi wa kanka lahani? In amsar e ce, ko da sau ɗaya ne, wannan ba ta jiran gobe. Yau za ka faɗa wa wani da ke kusa da kai, yau za ka nufi asibiti. Na san mutane na tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar cusa wa mutum tunanin ake yi. Masu binciken lamarin sun daɗe da gano ba haka ba ne. Tambayar ba ta shuka komai, sai dai ta ba mutum ƙofar magana.

To, mu zo kan maiɗakinka.

Kana ganin shirun nan garkuwa ce da ke kare ka da ita. Dubi abin da ya haifar. Mace ta ga mijinta ya daina dariya, yana juyi a shimfiɗa har asuba, yana fita ba bayani, in ya fita wayarsa a kashe. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta tambayi taka, ta ga lalle akwai labari, kai kuma ka hana ta na gaskiyar, sai ta cike gurbin da abin da ya fi ba ta tsoro. Ba wauta ta yi ba. Da ni ce a matsayinta, da wuya in yi wani zato dabam. Ka ɓoye ciwo don kada girmanka ya zube a idonta, ga shi yana zubewa ta wata hanya, a kan laifin da ba ka aikata ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kuma ka lura, ɓoyon nan yanzu ya fara cin lafiyarka da kanta, tunda shi ya raba ka da maganinka.

Saboda haka amsata ita ce ka faɗa mata. Ita kaɗai tukuna, ba duniya ba. Zan dawo kan wannan bambancin.

Na san dariyar nan da ka ji ta yi ita ce ƙayar da ta tsaya maka a maƙogwaro. Ba zan wanke ta ba, abin da ta yi bai kyautu ba. Sai dai ni da nake ba ka shawarar nan ma ba tsarkakakkiya ba ce. Shekarun baya ina da wata ƙawa da ta ɗauke ƙafa daga kowa. Na je gidanta da tsakar rana na tarar da ita zaune a ƙasa, jingine da gado, labule a sake, ɗaki duhu, kayan da aka wanke mata tun kwana nawa suna tare a kan kujera ba a ninke ba. Na ja labulen da ƙarfi, na ce, "Tashi ki daina son jiki, ke me kika rasa?" A ganina ƙarfafa ta nake yi. Ta ɗago ta dube ni ta yi ɗan murmushi, ba ta ce komai ba. Watanni ta yi ba ta ɗaga kirana. Sai bayan ta samu likita ta dawo hayyacinta take gaya mini ranar nan ta shirya za ta buɗe mini cikinta, maganata ce ta rufe mata baki. Ba ƙin ta nake yi ba, ƙanena. Jahilci ne, irin wanda ba ya warkewa sai ciwon ya zo da fuskar wanda kake ƙauna.

Wannan ba ra'ayina ne kaɗai ba. A watan Oktoba na 2022 mujallar likitocin nan ta Ingila, The Lancet, ta fitar da rahoton wani kwamiti na masana sama da 50, cikinsu har da waɗanda suka sha fama da ciwon da kansu, a kan yadda za a kawar da tsangwamar masu larurar ƙwaƙwalwa. Abin da suka ga ya fi komai tasiri ba allon talla ba ne, ba lacca ba ce, haɗuwa ce ido da ido tsakanin wanda ya ɗanɗana da wanda bai ɗanɗana ba. Sun kuma ce masu ciwon da yawa sun shaida musu tsangwamar ta fi ciwon kansa zafi. Matarka ta yi wa maƙwabci dariya ne daga nesa, ta bayan katanga. Kai ba nesa kake ba. Kai ne wanda ta san tarinsa tun daga bakin ƙofa.

Wani ɓangaren matsalar a bakinmu yake. Hauka, taɓin hankali, "ya zare", "notin kansa ya kwance", duk jaka ɗaya muke zuba su, kuma da an ambace su hoto ɗaya ke zuwa, na mutum cikin tsumma yana surutu shi kaɗai a bakin titi. Alhali larurorin ƙwaƙwalwa iri-iri ne, kamar yadda mura da ciwon ƙoda duk ciwo ne amma ba ɗaya ba. Akwai ciwon damuwa, akwai na fargaba, akwai wanda ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, akwai mai sa jin muryoyin da babu su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke rayuwa da ɗaya daga cikinsu, wato mutum ɗaya cikin takwas a doron ƙasa. A waccan shekarar, masu irin naka kaɗai sun kai miliyan 280. Ka ƙirga mutanen da kuke aiki tare, ka raba takwas. Mafi yawansu suna tashi su yi wanka su fita nema, kamar kai. Kuma ban faɗi haka don in ce kai ba irin na bakin titin ba ne, shi a ci gaba da jifansa. Shi ma marar lafiya ne, ɗan wasu ne, galibi wanda bai samu magani ba, ko aka ɓoye shi har abin ya fi ƙarfin ɓoyo. Hukumar ta ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, sama da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan larura ba sa samun kulawa ko kaɗan. Kai ka samu, ka kai kanka da ƙafarka. Wannan abin a yaba maka ne.

Ita ma kalmar "damuwa" ba ta taimaka mana. Da ita muke kiran tunanin bashi, da ita muke kiran ɓacin ran saɓani da aboki, da ita kuma muke kiran wannan ciwo. Shi ya sa in yayanka ya ji, sai ya ɗauka irin damuwar da shi ma ya kwana da ita jiya ya tashi ya karkaɗe ce. Abin da likita ke kira ciwon damuwa dabam yake: ƙunci ko mutuwar sha'awar komai da ke danne mutum kusan duk wuni, kusan kullum, har aƙalla mako biyu, ya taɓa barci, ya taɓa cin abinci, ya hana tattara hankali, ya sa mutum ganin kansa ba shi da wani amfani. Ba a karkaɗe shi da "yi haƙuri". Wani lokacin akwai musabbabi a fili, rashi ko asara ko doguwar wahala. Wani lokacin mutum na cikin rufin asiri ya same shi, kamar yadda hawan jini ba ya tambayar abin da ke aljihunka.

Batun cewa namiji ba ya damuwa kuwa, ƙididdiga ta ƙaryata shi ta hanya mai ɗaci. Gaskiya ne an fi samun ciwon a mata. Amma cikin mutum sama da 700,000 da ke kashe kansu duk shekara a duniya, maza sun ninka mata har da ɗoriya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne irin wannan tarbiyya ta "cije, kai namiji ne", mai hana mutum neman taimako sai ruwa ya kai masa wuya. Tawakkali kuma bai taɓa zama kishiyar magani ba. Mai ciwon suga yana addu'a yana yin allurarsa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. A 1998 Firayim Ministan Norway, Kjell Magne Bondevik, wanda kuma malamin coci ne, ya fito ya gaya wa ƙasarsa ciwon damuwa ya kama shi, ya ɗauki hutun makonni, ya dawo kujerarsa. A 2001 ya sake zama Firayim Minista, ya riƙe har 2005. Michael Phelps, gwanin ninƙayar Amurka mai lambar zinare 23 a gasar Olamfik, ya faɗa da bakinsa cewa ciwon ya taɓa kai shi inda ba ya son ci gaba da rayuwa. Na san za ka ce waɗannan manya ne, suna da abin da zai kare su daga bakin mutane, kai ba ka da shi. Haka ne. Na kawo su ne kawai don ka ga ciwon bai san ƙarfin ƙirji ko yawan ibada ba.

Duk da haka, ba sai ka je wurin yayanka yanzu ba. Ba a fara koyon iyo a inda ruwa ya fi zurfi. Magana a fili ba shela ba ce. Akwai sirri, wanda haƙƙinka ne, akwai kuma ɓoyo na kunya, wanda ke sa magidanci ɓare takardar kwalin maganinsa a cikin mota kamar mai laifi. Na farkon ka riƙe shi, na biyun nake so ka ajiye. Wurin aikinka, alal misali, ba dole ne su san sunan ciwon ba, "ina ganin likita" ta wadatar, sai fa in kana buƙatar a sassauta maka wani abu kuma ka amince da wanda za ka gaya wa. Magana zarar bunu ce. Ba zan yi maka ƙarya in ce duk wanda ya ji zai fahimta ba. Wasu za su yi gulma, wasu su fara yi maka magana a hankali kamar ƙwai. Shi ya sa za ka zaɓa, ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da kai ka ga dama.

Ga yadda nake ganin za ka yi da maiɗakin taka. Ka bari sai yara sun yi barci, ba a tsakiyar rigima ba, ba kuma lokacin da ta sake tayar da zancen kishiya ba, don kada ya zama kamar kare kai. Ka shigo da kwalin maganin da katin asibitinka a hannu, ka ajiye a gabanta. Gani ya kori ji. Ba sai ka tsara doguwar magana ba. Ka ce mata wata huɗu ke nan kana ganin likita, ga sunan abin da ya ce yana damunka, ga inda kake zuwa ranakun da kake kashe waya, kuma tsoro ne ya hana ka faɗa. Ka ba ta haƙuri a kan ɓoyon, domin ya cutar da ita. Amma kada ka ba da haƙuri a kan ciwon. Ba laifi ka yi ba.

Kada ka sa ran za ta amsa yadda kake so nan take. Tana iya yin kuka. Tana iya yin fushi, ta ce ashe ba ka yarda da ita ba, kuma tana da gaskiyarta. Tana iya tambayar ko ita ce sanadi. Tana iya yin shiru ta juya maka baya har safe. Kai ka yi wata huɗu kana saba wa zancen, ita minti huɗu ke nan da ji. Ka ba ta lokaci. Zancen dariyar maƙwabci kuwa kada ka yi mata gori da shi a daren. In ta tambayi abin da ya sa ka ji tsoro, ka faɗa a hankali. Ina kyautata zaton ita da kanta za ta tuna, kamar yadda ni na tuna labulen nan.

Daga nan ka roƙe ta ta raka ka asibiti ranar komawarka. Akwai tambayoyin da za ta ji nauyin yi maka amma ta yi wa likita: yana warkewa? Maganin na har abada ne? Zai iya yi wa yara wani abu? Gara ta ji daga bakin wanda ya sani da ta ji daga bakin ƙawa. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi sosai in sun samu magani ko tattaunawa da ƙwararre ko duka biyun, kamar yadda kake samu. In maganin ya taɓa maka sha'awa ko kuzarin kwanciya, abin da wasu irinsa kan yi, ka gaya wa likita ba kunya, ana iya sauyawa. Na kawo wannan ne don mai yiwuwa yana cikin abin da ya ƙara mata zargi. Sannan ka faɗa mata abin da kake buƙata dalla-dalla, domin mai son taimako in bai san ta inda zai kama ba yakan koma wa'azi. Ta tuna maka lokacin shan magani, ta fita ɗan tattaki da kai da yamma, in ta ga ka yi shiru ta zauna kusa ba sai ta yi ta tambayar me ya faru ba. Ku kuma yi yarjejeniya cewa kai ne mai cewa a gaya wa wane. In wata rana rai ya ɓaci ta jefe ka da kalmar nan da kake tsoro, kada ka haɗiye, kada kuma ka rama. Bayan ƙura ta lafa ka gaya mata wannan layi ne da ba a tsallakawa.

Su kuma yaran, ka fi tsoron abin da za a kira su a waje, ni na fi tunanin abin da suke gani a ciki. Yaro ya taho da gudu uba bai ɗaga shi ba, ba zai ce Baba ba shi da lafiya ba, cewa zai yi na yi wani laifi. Gwargwadon shekarunsu, jimla biyu ta isa: Baba ba ya jin daɗi amma yana shan magani, kuma ba ku kuka jawo ba. Gaskiya ne ciwon kan ɗan bi jini, sai dai ba gado ne na dole ba. In ma wata rana ɗayansu ya tsinci kansa ido biyu ƙarfe uku na dare, gara ya kasance ya taso a gidan da ya ga ubansa ya je asibiti ya dawo, ba gidan da ake raɗa ba.

Maganin nan kuma ka fitar da shi daga mota yau. Motar da ta wuni a rana zafinta yana lalata magunguna, yawancinsu an so a ajiye su ƙasa da digiri 30. Ka nuna wa likita ko mai ba da magani ragowar, ya duba ko sai an sauya, ya kuma sake rubuta maka sunansa da yadda ake sha a jikin kwalin. Ka sama masa wuri a ɗaki, can sama inda hannun yara ba ya kaiwa. In kun dawo daga asibitin kai da ita, ka rubuto mini in ji yadda kuka yi.

Yayarka